Mun Ce wa Uwar Kwalabe Suna Nan Lafiya

Cikin alhini mai nauyi, da sanyin jiki irin na mutanen da suka hango abu yana tafe suka kasa tare shi, Hukumar Gudanarwa ta Cibiyar Binciken Ɓargo da Garkuwar Jiki, a madadin Mai Girma Shugaban Hukuma, da Mai Girma Farfesa Babban Daraktan Cibiya, da ɗaukacin malamai masu bincike, da likitoci, da ma'aikatan ɗakunan gwaji, da direbobi, da masu gadi, da masu shara, tana sanar da jama'a cewa ta sami labarin rasuwar uwarmu kuma abokiyar aikinmu, Hajiya Babbar Jami'ar Ɗakin Renon Ƙwayoyi, wadda babba da yaro a wannan gida suka fi sani da Uwar Kwalabe. Mai abu Ya karɓi abarSa ranar Talata da hantsi, a ɗakin keɓe marasa lafiya na asibitin da ta yi jinyar wata huɗu. Ta bar duniya tana da shekara hamsin da bakwai, ashirin da tara daga ciki ta yi su a kan kujera ɗaya, a hawa na biyu na gininmu. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Marigayiya ta zo mana da ƙaramar takardar shaidar aikin ɗakin gwaji, kuma da ita ta tafi, ba ta ƙara ko harafi ɗaya a gaban sunanta ba. Sau uku Hukuma ta nemi tura ta ƙaro karatu, sau uku tana tambayar wa zai ciyar mata da yara in ta tafi, kuma duk wanda ke wurin ya san ba 'ya'yan cikinta take nufi ba. Yaran nata suna kwance ne cikin wasu faffaɗan kwalaben roba, a cikin akwatin ɗumi mai zafi daidai da na jikin mutum, kowace kwalba da ɗan jan ruwan abinci a gindinta. Daga nan sunan ya samo asali. Wani direba ne ya fara kiran ta da shi cikin tsokana, ta amsa, sunan ya zauna, har ta kai Mai Girma Shugaban Hukuma da kansa ya taɓa kiran ta da shi a gaban baƙi, sannan ya rasa yadda zai gyara.

Domin jama'a su san girman abin da aka rasa, wajibi ne a yi ɗan bayanin aikin, kuma ni mai sa hannu a wannan takarda zan yi shi yadda marigayiya ta yi mini, tunda ni ba masanin kimiyya ba ne, aikina rubutu da magana. A cikin ɓargon kowane mutum akwai wasu ƙwayoyin asali, waɗanda su ne uwayen jini. Su ke haifar sojojin jiki iri-iri: masu haɗiye ƙwayar cuta, da masu yi mata shaida su riƙe kamanninta don gaba, da masu kashe duk abin da ya lalace a jiki. Burin wannan Cibiya tun kafuwarta shi ne a ɗebi kaɗan daga ɓargon masu bayarwa don Allah, a rena su a kwalba su yi yawa, ta yadda wata rana za a iya taimakon wanda ɓargonsa ya gaza. Matsalar ita ce waɗannan uwaye, da zarar sun bar ƙashi sun shiga kwalba, sai su hayayyafa amma su manta asalinsu, su koma haifar iri ɗaya tak ko ma su daina haihuwa. A hannun Uwar Kwalabe kaɗai muka ga suna yin mako shida, mako bakwai, suna yawa, kuma in an gwada su a tarar har yanzu suna iya fitar da sojojin nan kowane iri. Shekara goma sha ɗaya na aikin wannan gida a kan wannan abu ɗaya suke tsaye.

Hukuma ba ta yi sakaci da rubuta hanyar ba, ko kuma dai haka muka ɗauka. Shekara shida da suka wuce an zaunar da marigayiya gaban Farfesa da malamai uku, aka tambaye ta yadda take yi, ta faɗa, aka rubuta, aka buga, aka rufe da leda aka manna a bangon ɗakin reno. Takardar ta ce a sauya rabin ruwan abincin duk bayan kwana uku. Abin da babu wanda ya lura da shi, domin kowa na ganin aiki yana tafiya, shi ne ita kanta ba ta taɓa bin takardar ba. Wata kwalbar takan taɓa ta bayan kwana biyu, wata ta bar ta har biyar, wata ta zubar da kaɗan, wata ta kwashe kusan duka, wata kuma ta sauya mata wuri daga sama zuwa ƙasa. In aka tambaye ta dalili sai ta ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ba ɓoyewa take yi ba, Allah Shi ne shaida, mace ce da ba ta iya rowar komai ba. Ranar da aka zaunar da ita ta ga manya sun zo da biro suna son lamba, sai ta ba su lamba don kada ta kunyata su.

Ba za mu ce marigayiya ba ta da faɗa ba, domin takardar ta'aziyya ba wurin ƙarya ba ce. Wanda ya shiga ɗakinta bai wanke hannu har gwiwar hannu ba zai sha magana ko da shi ne Darakta, kuma ya sha. Ta taɓa koro wata tawagar manyan baƙi daga bakin ƙofa saboda ɗaya daga cikinsu yana tari, ta bar ni a tsaye a baranda ina ta ba da haƙuri da harsuna biyu. Ni kuwa takan ce da ni bakina ya fi akwatin ɗuminta zafi, in tsaya daga waje kada in dafa mata yara. Amma ita ce kuma mai sanin wanda matarsa ta haihu, da wanda mahaifinsa ke kwance, da wanda ya zo aiki bai karya ba. Ranakun hutu da ranakun biki duk ɗaya ne a wurinta, sai ta leƙo ta duba kwalabenta kafin ta wuce inda za ta. Mun saba da hakan har muka daina ganin sa a matsayin abin godiya.

A farkon wannan shekara ta fara gajiya a kan matakala, sannan aka ga tabo yana fito mata a hannu ba tare da ta buge ba. Ita ta fara gane abin da ke faruwa, domin ta ɗiga jininta a gilashi ta duba da madubin ƙara girma kafin ta je wurin kowane likita. Ɓargonta ne ya gaza, sojojin jikinta suka yi ƙasa har ta kai mura kaɗai na iya kayar da ita. An gwada 'yan'uwanta biyar ko za a sami wanda ɓargonsa ya dace da nata, ba a samu ba. Maigidanta, dattijon kirki, tsohon ma'aikacin gidan waya, ya zo ofishin Farfesa da kansa ya zauna ya cire hularsa, ya tambaya cikin ladabi ko ba za a ɗan ɗebo mata daga waɗanda ta rena ba, tunda ya ji shekara da shekaru ana cewa maganin irin wannan ciwo ake nema a gidan nan. Farfesa ya yi masa bayanin gaskiya, cewa abin da ke kwalba alama ce kawai ta abin da zai iya yiwuwa, ba a taɓa sa shi a jikin mutum ba, kuma zai iya kashe ta kafin ciwon ya yi. Dattijon ya yi godiya, ya mayar da hularsa, ya fita. Ina wurin, kuma ban taɓa jin kunyar kalmar bincike ba sai ranar.

Da aka kwantar da ita, aka danƙa ɗakin reno da kwalabe ashirin da huɗu a hannun Dakta Mataimakiyar Darakta, mace mai ilimi da tsantseni wadda babu mai iya kama ta da ganganci. Ta bi takardar bango harafi da harafi. Mako biyu na farko komai ya tafi daidai, a na uku ruwan wasu kwalabe ya fara komawa rawaya da wuri, a na huɗu aka gwada aka tarar ƙwayoyin suna nan da yawa amma sun fara manta abin da aka san su da shi. Aka sauya ruwan abincin da sabon da aka yo oda, aka kira mai gyara ya duba akwatin ɗumi, aka narkar da wasu daga ajiyar da ke cikin sanyi aka sake farawa har sau biyu, duk jiya-i-yau. A lokacin ne mai sharar ɗakin, wadda ta yi shekara goma tana goge ƙasa a bayan kujerar marigayiya, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin Hajiya ta taɓa kwalabe duka rana ɗaya ba. Nan kowa ya gane cewa abin da ke bango ba shi ne aikin ba, aikin yana kwance a gadon asibiti.

A nan ne muka yi kuskuren da wannan takarda ba za ta tsallake shi ba. Ɗakin da aka keɓe ta yana da babban gilashi, masu dubiya sukan tsaya daga waje su yi magana da ita ta wayar da ke rataye a bango. Mukan je bibbiyu ko uku-uku bayan an tashi aiki. Kafin mu gama tambayar ta jiki, takan riga mu da tata tambayar, kullum ɗaya ce: yaya yarana? Mu kuwa muna kallon yadda ta rame, da robar ƙarin jini a hannunta, sai bakin kowa ya ce suna nan lafiya lau, suna gaishe ki. Wanda ya fara faɗa ya faɗa ne don tausayi, na biyu ya faɗa don kada ya ƙaryata na farko, daga nan abin ya zama gaisuwa. Ba mu taɓa zama muka shirya ƙarya ba. Tarbiyyar da aka yi mana ce cewa ba a kai wa mara lafiya mugun labari, kuma muka riƙe ta da hannu biyu a inda ya kamata mu sake ta.

Ita da kanta ta taɓa buɗe mana ƙofa. Wata Alhamis, a wata na biyu na jinyarta, ta ce da Farfesa in zai dawo ya zo da littafi da biro, akwai 'yan abubuwan da take so ta faɗa game da renon. Farfesa, wanda ya yi shekara ashirin da tara yana ce mata Yaya duk da shi ne shugabanta, idanunsa suka kawo ruwa, ya ce: “Haba Yaya, wace irin magana ce wannan? Ke za ki tashi ki koma ki yi abinki da hannunki.” Ta yi murmushi ta ce Allah Ya sa, ba ta ƙara tayar da maganar ba. A mota muna komawa babu wanda ya ce masa ya yi kuskure, domin kowannenmu abin da zai faɗa ke nan. A ganinmu, zuwa da littafi gaban gadonta daidai yake da ce mata mun fidda rai.

Da kwalabe suka koma tara, Hukuma ta yi zama ta yanke cewa dole a je a faɗa mata gaskiya a nemi shawararta. Aka tura Dakta, ta je ta tarar ranar zazzaɓi ya rufe Hajiya, ta dawo. Aka tura ta karo na biyu, ta tarar jikin da sauƙi har tana raha da ma'aikatan jinya, sai ta ga ba za ta iya ɓata mata wannan rana ba. Daga nan aka ce ni in je, tunda magana ce sana'ata kuma ni marigayiya ta fi sakewa da shi. Na je da ƙaramin littafi a aljihu, na ɗauki wayar bango, ta ce ga mai zafin baki ya zo, ta tambaye ni yaranta. Na shekara goma sha huɗu ina tsayawa gaban 'yan jarida ba a taɓa ƙure ni ba, amma ranar na ji harshena ya ce suna nan lafiya. Littafin bai fito daga aljihu ba. Kwana tara bayan haka cuta ta shiga huhunta, aka sa mata na'urar numfashi, magana ta ƙare.

Ga iyayen da suka daɗe suna buga mana waya suna tambayar inda bincike ya kwana, musamman waɗanda ke da yaran da aka haifa da raunin garkuwar jiki, da kuma bayin Allah da suka kwanta aka huda ƙashinsu suka ba da ɓargo ba don a biya su ba, Hukuma tana sanar da ku cewa ba ta da albishir. Ba mu rufe ɗakin reno ba kuma ba za mu rufe ba, malamanmu suna gwada duk abin da hankali ya kawo, amma lalube muke yi. Mun tattara duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da ita yana aiki, kowa ya faɗi abin da ya gani, sai muka sami bayani bakwai da ba su yarda da juna ba. Da-na-sani ƙeya ce, kuma a wannan gida kowa ya ji nauyin tasa.

Washegarin jana'iza tawagar Cibiya ƙarƙashin jagorancin Mai Girma Shugaban Hukuma ta je gidan marigayiya yin ta'aziyya. Bayan addu'a, babbar 'yarta, malamar makaranta, wadda ta yi jinyar mahaifiyarta tun daga ranar farko, ta ce tana da saƙo gare mu. Ta ce Umma ta bar wasiyyar a yi wa mutanen ofis godiya, domin su suka sa ta tafi da kwanciyar hankali. Ta ce bayan Farfesa ya ƙi zuwa da littafi, Umma ta sa ta ta sayo nata littafin, ta ce za ta riƙa faɗa ita 'yar tana rubutawa kaɗan-kaɗan a duk ranar da ta ji ƙarfi. Sun fara ke nan, ba su yi layi biyu ba, sai ga masu dubiya daga Cibiya, aka yi gaisuwar da aka saba. Da suka tafi sai Umma ta ce da ita: “Ajiye biron nan, 'yar nan. Wata biyu ba na nan kuma yara suna lafiya, ashe sun iya. Ba ni zan koya wa su Farfesa karatu ba.” Ta ce ranar Umma ta ci abinci fiye da kullum.

Sannan ta miƙo littafin, ta ce ko ba shi da amfani mu ajiye don tunawa. Sabo ne fil, shafi ɗaya kawai aka taɓa. An rubuta: Da farko ku rabu da takardar nan ta bango. Kowace safiya kafin ku taɓa komai, ku duba. Bayan wannan kalma babu komai har bangon baya. Littafin ya zaga hannun mutum shida, babu wanda ya ɗaga kai. Da muka miƙe za mu tafi, ta rako mu bakin ƙofa, ta tambayi Farfesa ko yaran Umma suna nan lafiya har yanzu, shi kuma ya ce alhamdu lillahi.

Hukuma ta yi doguwar muhawara kan ko ya dace a sa waɗannan bayanai a saƙon ta'aziyya, wasu suna ganin tonon silili ne a ranar da ya kamata a yi addu'a kawai. Farfesa ne ya ce a rubuta duka, har da nasa, domin kara ta riga ta ci mana abin da za ta ci, kada a ƙara mata.

Saboda haka, a madadin Mai Girma Shugaban Hukuma, da Mai Girma Farfesa Babban Darakta, da Dakta Mataimakiyar Darakta, da dukkan ma'aikata manya da ƙanana, muna miƙa ta'aziyyarmu ga dattijo maigidan marigayiya, da 'ya'yanta huɗu, da jikokinta, da 'yan'uwanta da suka miƙa hannu aka ɗebi jininsu da fatan za su dace, da maƙwabta da abokan arziki. Allah Ya jiƙan ta, Ya gafarta mata, Ya haskaka makwancinta, Ya sa jinyar da ta sha ta zama kankarar zunubi, Ya sa renon da ta yi shekara da shekaru don amfanin mutanen da ba ta taɓa gani ba ya tarar da ita a mizani. Allah Ya ba iyalanta haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya tsaya musu a inda ta saba tsaya musu. Mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Ke kuma 'yarmu, babbar 'yar marigayiya, kin yi mana tambaya a bakin ƙofa ba mu ba ki amsa ta gaskiya ba, kamar yadda ba mu ba mahaifiyarki ba. Ga amsar a rubuce, tunda bakinmu ya kasa. Ba sa lafiya, kuma tun mako na uku da kwanciyarta ba sa lafiya. Daga ashirin da huɗu, biyu suka rage a safiyar yau, kuma ba mu san yadda za mu riƙe su ba. Mu muka sa ta ce ki ajiye biron. Ita ba mu da sauran hanyar neman yafiyarta, sai ke da mahaifinki da ƙannenki muke roƙo, ku yafe mana don Allah.

Sa hannu:
Malam Kakaki,
Babban Jami'in Hulɗa da Jama'a kuma Mai Magana da Yawun Hukumar Gudanarwa,
Cibiyar Binciken Ɓargo da Garkuwar Jiki.